Wasa Ne Ya Yi Yawa Ko Jiki Ne Ya Gaza? Tambayoyi Kan Gardamar NBA da NFL

Duk wanda ya taɓa raba dare yana kallon ƙwallon kwando ta NBA, ko ƙwallon Amurkawa ta NFL wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, ya san rabin daɗin abin a musu yake. Ga wasu daga cikin abubuwan da ake ta kai ruwa rana a kansu a 'yan shekarun nan.

Da farko, yaya ake fitar da gwani a gasannin biyu?

A NBA ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana buga wasa 82 a kaka, sannan 16 su shiga zagayen fitar da gwani. A nan ba a sallamar kowa da wasa ɗaya. Ƙungiyoyi biyu za su yi ta karawa har sai ɗaya ta ci sau huɗu, ko da za a kai wasa na bakwai. NFL kuwa ƙungiyoyi 32 ne, wasa 17 kacal, 14 su tsallake, daga nan sili ɗaya ƙwale har zuwa wasan ƙarshe, wato Super Bowl, a watan Fabrairu.

Me ya sa ake kukan cewa wasannin NBA sun yi yawa?

Saboda abin da ido ya gani a 2025. A zagayen fitar da gwani na shekarar kaɗai, manyan 'yan wasa uku suka tsinke agara: Damian Lillard na Milwaukee, Jayson Tatum na Boston, da Tyrese Haliburton na Indiana. Na Haliburton ya fi ban tausayi. Ranar 22 ga Yuni, a wasa na bakwai na ƙarshe da Oklahoma City, tun ba a gama kashin farko na wasan ba ya zube yana dukan ƙasa da hannu, ƙungiyarsa kuma ta sha kashi da ci 103 da 91. Dukkansu ukun riga mai lamba 0 suke sawa, abin da ya ba masu camfi abin faɗa, amma ni ban ga laifin riga ba.

Masu kukan suna cewa wasan yau ba na jiya ba ne. Da can manyan ƙarti kan cunkushe a gindin kwando, yanzu kuwa jifa daga nesa ta yi yawa, dole mai tsaro ya yi ta zirga-zirga daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya taka burki, ya sake zabura. Steve Kerr, kocin Golden State, ya sha cewa a rage wasa goma. Masu ƙungiyoyi ba sa ma son jin zancen. Kowane wasan gida kuɗin ƙofa ne, ga kuma yarjejeniyar nuna wasa ta shekara 11 da Disney da NBC da Amazon wadda ta haura dala biliyan 70. Rage wasa rage kuɗi ne, har da albashin su 'yan wasan, shi ya sa a cikinsu ma ba kowa ke ɗaga murya ba.

To ba sai koci ya riƙa hutar da gwanayensa ba?

An yi, kuma ya yi aiki. A kakar 2018 zuwa 2019 Toronto ta lallaɓa Kawhi Leonard, wasa 60 kawai ya buga, ya shiga zagayen ƙarshe da ƙarfinsa, suka ɗauki kofi. Shugaban ƙungiyar a lokacin shi ne Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya. Daga nan kowa ya ɗauki salon, sai 'yan kallo suka fara ƙorafi: mutum ya yi tanadi ya sayi tikiti mai tsada don ɗansa ya ga gwaninsa, ya je ya tarar da gwanin a zaune cikin kayan gida, lafiyarsa lau.

Maganin da NBA ta kawo a 2023 shi ne dokar wasa 65. Wanda bai buga adadin nan ba, ba ya cikin takarar gwarzon shekara da sauran manyan kyaututtuka, kuma wasu 'yan wasan ƙarin miliyoyinsu a kan waɗannan kyaututtuka yake rataye. Wanda dokar ta fara ci shi ne Joel Embiid, haifaffen Yaounde, gwarzon 2023. A Janairun 2024 ya zuba maki 70 a wasa ɗaya da San Antonio, bayan 'yan kwanaki ya fito yana ɗingishi a wasa da Golden State, wani ya faɗo masa a gwiwa, aka yi masa tiyata. A ganina dokar ta haɗa mai lalaci da mai ciwo a kwando ɗaya. An so a kori ƙuda, an fasa ƙwarya.

Shi kuma Play-In fa, ya karɓu?

Wannan gardamar ta kusa mutuwa. Tun 2021 ƙungiyoyin da suka zo na bakwai zuwa na goma a kowane ɓangare, gabas da yamma, ke fafatawa kan gurbi biyu na ƙarshe na zagayen fitar da gwani. LeBron James ya taɓa cewa ya kamata a kori wanda ya ƙirƙiro shi daga aiki. Sai ga Miami ta bi ta wannan ƙaramar ƙofa a 2023 har ta kai wasan ƙarshe, inda Denver ta tsayar da ita.

Mu koma NFL. Mene ne Tush Push da ake son haramtawa?

A wannan wasa ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma. Idan saura yadi ɗaya ya rage, Philadelphia Eagles kan jera ƙartinta a gaba su duƙa, mai rabon ƙwallonsu Jalen Hurts ya karɓa ya sunkuya, abokansa biyu ko uku su tura shi ta baya kamar motar da ta ƙi tashi. Da wuya a tare su. Da wannan turin Hurts ya buɗe ci a Super Bowl na Fabrairun 2025, wanda suka lallasa Kansas City da ci 40 da 22.

Green Bay Packers ta nemi a hana, wai akwai haɗari ga wuya da kashin baya, kuma abin bai yi kama da wasan da aka gada ba. A taron masu ƙungiyoyi na Mayun 2025 aka kaɗa ƙuri'a: 22 suka goyi bayan hani, 10 suka ƙi, alhali 24 ake buƙata. Ni dai abin ya fi min kama da hassada. Doka ba ta hana kowa yi ba, da yawa sun gwada, ba su iya kamar Eagles ba ne kawai.

Yaya ƙungiya za ta fi cin wasa amma a ce ita ce baƙuwa?

Don a NFL duk wadda ta zo ta ɗaya a rukuninta ita ke karɓar baƙunci a wasan farko, komai raunin rukunin. A kakar 2024 Minnesota ta ci wasa 14 cikin 17, amma Detroit da ke rukuninta ta ci 15. Haka Minnesota ta zama baƙuwar Los Angeles Rams mai nasara 10, a wasan da gobarar daji ta sa aka mayar Arizona, ta kuma sha kashi 27 da 9. Abin mamaki, Detroit ɗin ce ta kawo shawarar a sake tsarin, daga baya ta janye.

Gaskiya ne za a ƙara wasannin NFL zuwa 18?

Shugaban gasar, Roger Goodell, bai ɓoye cewa yana so ba. Daga 16 aka koma 17 a 2021, amma ƙarin ɗaya sai da yardar ƙungiyar 'yan wasa, kuma yarjejeniyarsu sai bayan kakar 2030 za ta ƙare. Hujjar 'yan wasa ba ƙarama ba ce. Tun bayan da likita Bennet Omalu, ɗan asalin Najeriya, ya binciki ƙwaƙwalwar marigayi Mike Webster, tsohon ɗan wasan NFL, a 2002 ya gano cutar CTE da yawan gwara kai ke jawowa, kowane ƙarin wasa lissafin lafiya ne. Wani binciken Jami'ar Boston na 2017 ya sami cutar a 110 daga cikin ƙwaƙwalwa 111 na tsofaffin 'yan NFL, ko da yake iyalan da dama suke zargin akwai matsala ne suka bayar da su.

Akwai kuma maganar fili. 'Yan wasa sun daɗe suna roƙon a cire ciyawar roba, musamman bayan da Aaron Rodgers ya tsinke agara a filin MetLife a Satumbar 2023, mintuna kaɗan da fara wasansa na farko a New York Jets. Aka ce musu ciyawar gaske tana da tsada da wuyar kula. Sai FIFA ta gindaya sharaɗin ciyawar gaske don Kofin Duniya na 2026, masu filayen kuwa suka amince ba musu, har da MetLife ɗin da aka ba wasan ƙarshe.