Waiwaye: Gidan Makama na Kano, da yadda gyaran ginin ƙasa ya zama aiki

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar fadar Sarkin Kano ya san Gidan Makama, ga shi nan daf da fada, jan gini mai zankwaye. Da yawanmu sau ɗaya muka taɓa shigarsa, lokacin firamare da malamai suka kwashe mu a mota aka kai mu kallon kayan tarihi, daga nan shi ke nan. To amma duk sanda damina ta kankama sai maganar tsofaffin gine-ginen ƙasa ta dawo, wani ya saka hoton bangon da ya tsage a Facebook, a yi ta Allah wadai kwana biyu a watse. Shi ya sa na ga gara a ɗan koma baya a ga daga ina gidan ya taso, kuma me ya sa gyaran irinsa yake ba mu wuya haka alhali kakanninmu sun riƙe shi ɗaruruwan shekaru ba tare da buhun siminti ko ɗaya ba.

Abin da aka gada a Kano shi ne an gina gidan ne a ƙarni na 15 saboda Muhammadu Rumfa, tun yana riƙe da sarautar Makama. Rumfa ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya kuma gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, kuma ana cewa a Gidan Makama ya zauna kafin a gama ginin fadar. Bayan jihadi sarautar Makama ta koma hannun Fulani Joɓawa, tana kuma cikin masu zaɓen sarki. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903 sai suka mayar da wani sashe na gidan ofis, daga baya aka yi makaranta a ciki, har midil ta Kano wadda ta zama Kwalejin Rumfa ta zauna a nan kafin ta tashi. A ƙarshen shekarun 1950 gwamnati ta saka shi cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa, yanzu kuma sashen da ya zama gidan tarihi yana hannun hukumar gidajen tarihi ta tarayya, wadda aka kafa a 1979. Gida ɗaya ya rabu, nan gidan tarihi, nan makaranta, nan wajen Makama.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, bangon da kake gani yau ba wai hannun maginan Rumfa ne ya taɓa shi na ƙarshe ba. Ginin ƙasa ba ya rayuwa haka. Kowace shekara ruwa yana cin fatarsa, kowace shekara ana mayar masa, shekara ɗari biyar ana wannan. Abin da ya daɗe a gidan shi ne tsarinsa da kuma sanin yadda ake yinsa, ƙasar kuwa an sha sabunta ta.

Ga yadda aikin yake. A haƙo jar ƙasa mai birji, a jiƙa ta, a zuba ciyawa a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa sannan a sake kwaɓawa. Da ita ake murza tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yana zaune a kan bango kamar mahayin doki, yaro yana jefo masa tubali ɗaya-ɗaya daga ƙasa yana cafewa yana jerawa tsini sama, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri sosai a gindi ya riƙa sirancewa yana hawa, shi ya sa kana shiga soron da tsakar rana a watan Afrilu za ka ji sanyi ya dake ka, ba fanka ba komai. Rufi kuma da azara ake yi, wato giginya da aka tsaga, don gara ba ta cika cinta ba. Azara ɗaya ba ta iya ketare ɗaki mai faɗi ta ɗauki nauyin ƙasa, to a nan gwanintar take, sai a riƙa ɗaure gajerun azara kan juna daga bango biyu suna lanƙwasowa har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe su da ƙasa, shi ne bakan gizo, idan suka giggitta juna kuma a samu daurin guga. Ka ɗaga kai a zaurukan Gidan Makama za ka gani.

Sai kariya daga ruwa, wadda ita ce ran ginin. Makuba ana samunta daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa ƙasa da ruwanta a yi yaɓe, ita ke ba bango wannan duhun ja. Laso kuma haɗi ne na katsi, wato dagwalon baba da ake kwasowa daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara, wani tsiro mai yauƙi, shi ake shafawa a kan rufi da rawanin bango. Indararo ya fito da ruwa nesa da jikin gini. Ka duba fa, gida ɗaya amma sai da marini da majemi da mai saran giginya da mai jakin ɗebo ƙasa suka sa hannu. Kuma akwai Sarkin Magina, da yaransa, sana'a ce ta gado, kaka ta yi an gama girbi sai a hau yaɓe, kafin ruwan farko a hau soro a duba tsaga a toshe.

Wannan zaren ne ya tsinke. Da siminti da kwano suka shigo, mai kuɗi ya rushe soron ubansa ya yi na bulo, ginin ƙasa ya koma alamar talauci, ɗan magini ya ga ba ci gaba ya koma birkila ko ya kama wata sana'ar. Marina ta ragu, balle a samu katsi. Giginya ta yi nisa ta yi tsada. Kududdufan da ake haƙar ƙasa an cike su an yi gidaje da shaguna, wanda hakan ya ƙara jawo ambaliya a cikin birni, ruwan da ya rasa wajen zuwa kuma gindin bango yake kwanciya. Ita kanta hukuma ba ta ɗauki tsohon gini da daraja ba, a shekarun 1950 aka maye tsohon masallacin Juma'a na Kano da na zamani, ƙofofin gari da dama an rushe su an sake su da kankare don faɗaɗa titi, ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12 kuwa kowa ya ga yadda aka yanka ta filoti-filoti. A 2007 an saka ganuwar da wuraren da ke tare da ita cikin jerin wucin gadi na UNESCO, wato na wuraren da ake neman a saka cikin kayan tarihin duniya, har yau ba ta wuce nan ba.

Abin da ya fi damuna ni shi ne gyaran da ake yi da kyakkyawar niyya amma ya zama shi ne ajalin ginin. A ga bango yana zubewa sai a ce a yi masa filasta da siminti a huta da yaɓen kowace shekara. Shekarar farko ya yi kyau. Amma ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuma ba ya barin danshin ya fita, ga shi ba sa kama juna da kyau, zafi da sanyi su sa filastar ta tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ciki ta jiƙe ta yi laushi, kan azara ya ruɓe, daga waje kuma ba ka ganin komai. Ka ƙwanƙwasa irin wannan bangon da yatsa za ka ji yana amsawa fanko. Ranar da zai faɗi gaba ɗaya zai zo.

Kuma mun ga abin da faɗuwar tsohon gini take nufi. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta ana sallar la'asar, mutane suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Masallacin nan aikin Babban Gwani ne Muhammadu Durugu, tun shekarun 1830, kuma masana gini na duniya suna lissafa shi cikin mafi kyawun ginin ƙasa a Afirka, har an yi kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. A Satumbar 2024 kuma tsohon masallacin Damagaram ya rushe bayan ruwa mai yawa. Ruwan sama yanzu yana zuwa da ƙarfin da tsofaffin magina ba su saba gani a kai a kai ba, ga gyaran ya yi ƙaranci, abu biyu sun haɗu.

Amma ba wai abin ya gagara ba ne. A Agadas tsohon gari ya shiga jerin kayan tarihin duniya a 2013, hasumiyar masallacinsu mai tsawon mita 27 ta ƙasa ce zalla, kuma tana tsaye ne saboda ana hawa ana yaɓe ta, itatuwan da suka fito a jikinta ma matakala ce ta masu gyara. A Jenne ta ƙasar Mali gari guda ke fitowa rana ɗaya a shekara a yaɓe babban masallaci, mata na ɗebo ruwa samari na ɗaukar ƙasa. Su ba su mayar da gyara kwangilar da ake bayarwa sau ɗaya a shekara goma a yanka kirtani a tafi ba.

Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a Kano waɗanda yaro zai shiga ya ga daurin guga da idonsa. A ganina abin da suke buƙata bai kai kuɗin gadar sama ɗaya ba: kasafi ƙarami amma na kowace shekara wanda zai fito kafin damina ba bayanta ba, magudanar ruwa a gindin bango, a cire siminti inda aka liƙa shi, sannan a nemo dattawan maginan da suka rage a cikin birni da ƙauyuka a biya su da kyau, a haɗa su da matasa da ɗaliban zanen gini na jami'o'inmu su yi aikin tare a kan bangon. Yawancin dattawan nan sun manyanta sosai, kuma yadda ake gane ƙasa ta ruɓa daidai ko laso ya haɗu ba a rubuce yake ba, a hannunsu yake.