Warin bakin da ya ƙi tafiya: tambayoyin da ake ta kawo mini

Daga ciki warin ke tasowa, ko?

Ba kasafai ba. Cikin mutum 10 masu fama da shi, 8 zuwa 9 matsalarsu a bakin take: harshe, dasashi ko ruɓaɓɓen haƙori. A daina ɗora wa gyambon ciki laifin komai.

Asuwaki ya isa, ko sai makilin?

Ya isa, in dai ana goge harshe har can baya inda farin datti ke taruwa. Yawancinku haƙoran gaba kawai kuke wankewa.

Kanumfari fa?

Rufa-rufa ne. Taba gari da sigari kuwa ƙara shi suke yi.

Ina wanke baki safe da dare, amma har yanzu maiɗakina na kau da kai. Ina zan nufa?

To, Malam, nan sai an bi a hankali, don ban leƙa bakinka ba. Fara da dasashi. In yana jini lokacin asuwaki, ko haƙori na girgiɗi, wataƙila dattin da ya daskare a gindin haƙora ne, kuma buroshi ba ya cire shi, sai likitan haƙori ya kankare. Gara kuɗin motar zuwa Dutse ko Kano da a zubar da su a kemis. In bakin lafiya lau ne, sai a duba bushewar yawu, wadda wasu magunguna da barci da baki buɗe ke jawowa. Akwai majinar da ke gangarowa makogwaro, akwai ƴan fararen ƙwayoyi masu ɗoyi da ke maƙalewa a gefensa. Ƙwannafi ma yakan taka rawa, amma shi ne na baya a lissafina.

Wanda ba na so a yi wasa da shi: numfashi mai tsamin ɗan itacen da ya nuna sosai ga mai ciwon suga, musamman da ƙishirwa, yawan fitsari da amai. Asibiti a ranar. Haka zarnin fitsari a baki tare da kumburin ƙafa, ƙoda za a gwada. Kada hankalinka ya tashi, waɗannan ba su da yawa, kuma ba sa zuwa da wari kaɗai.

Yarona na wari, majina na zuba ta hanci ɗaya.

Hajiya, da alama ya cusa wake ko gyaɗa. Kada ki sa tsinke, kawo shi asibiti a cire.

In kai wa wanzami ya cire beli?

Kul! Beli ba ya wari. Jini za a zubar a banza, ga haɗarin aska.