Asalin Ran Ɗan Adam a Tauhidin Kirista

Kiristoci ba su da saɓani kan cewa Allah ne ya hura wa Adamu numfashin rai, kamar yadda ya zo a Farawa 2:7. Inda malamansu suka rabu shi ne kan zuriyarsa: jaririn da aka haifa yau, daga ina ransa ya fito?

Tartuliyan, malamin birnin Kartaj a Arewacin Afirka, ya koyar a farkon ƙarni na 3 cewa ɗa yana gadon rai daga iyayensa yadda yake gadon jini da kamanni. Masu wannan ra'ayi, ciki har da Lutarawa (mabiya koyarwar Martin Luther) da yawa, sukan kafa hujja da Ibraniyawa 7:9-10, inda aka ce Lawi, ɗan Yakubu, yana tsatson Ibrahim tun ba a haife shi ba. Malaman coci Jerom kuwa, da Toma Akwinas daga baya, sun ce kowane rai Allah ne yake halittarsa sabo fil, jiki kaɗai iyaye suke bayarwa. Kan wannan Cocin Katolika ta tsaya, Fafaroma Pius na 12 ya kuma nanata shi a 1950.

Abin da ya sa muhawarar ta yi zafi shi ne zunubin asali, wato koyarwar cewa kowane mutum yana gadon zunubin Adamu. In rai sabo ne daga hannun Allah, ta ina laifin Adamu ya same shi? Tambayar ta tsaya wa Agustin, bishop na birnin Hippo, a maƙogwaro, har ya rubuta wa Jerom wasiƙa a 415 yana neman haske, ya kuma rasu a 430 bai yanke hukunci ba. Gaskiyar da ya faɗa, cewa bai san amsar ba, abar girmamawa ce ƙwarai.

Orijin na Iskandariya ya ce rayuka sun wanzu tun kafin jikuna, amma taron shugabannin coci ya yi tir da koyarwar a birnin Kustantiniya a 543.

A Legas batun ya shigo har tsakar gida. Kirista mai jin Hausa da ke zaune a Agege ko Idi-Araba yakan ji maƙwabcinsa Bayarabe ya raɗa wa ɗansa Babatunde, wato "baba ya dawo", ko 'yarsa Yetunde, "uwa ta dawo". Asalin sunayen imani ne da dawowar kakanni cikin jikoki, ko da yake yau Kiristoci da Musulmi da yawa suna sa su don tunawa da mamaci kawai. Dawowar rai a wani jiki kam, duk manyan ɗarikun Kirista sun ƙi ta, bisa Ibraniyawa 9:27 da ta ce mutum sau ɗaya yake mutuwa.