Tsarin Lin a Ofishin Lauya

Tsarin Lin (Lean a Turance) hanya ce ta tafiyar da aiki wadda ke neman tsame duk wani mataki da ke cin lokaci ko kuɗi ba tare da ya amfani wanda ake yi wa aikin ba. A masana'antar ƙera motoci ya samo asali, amma yau ya shiga asibitoci da bankuna da ofisoshin lauyoyi. A aikin lauya, babbar tambayarsa ita ce: daga ranar da mutum ya kawo matsalarsa zuwa ranar da aka sallame shi, kwana nawa aka yi ana aiki a kan fayil ɗinsa, kwana nawa kuma fayil ɗin ya yi a ajiye?

Asalinsa

Kamfanin Toyota na Japan ne ya gina tsarin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ba shi da jarin tara kaya irin na kamfanonin Amurka. Injiniya Taiichi Ohno, wanda ya rasu a 1990, shi ya jagoranci aikin, shi ne kuma ya lissafa nau'o'in ɓarna 7: yin fiye da abin da ake buƙata, jira, jigilar kaya ba dalili, wuce gona da iri wajen sarrafawa, tara kaya, kai-komon ma'aikata, da kuskuren da ke sa a sake aiki. John Krafcik ne ya raɗa wa tsarin sunan da aka san shi da shi a 1988, sai littafin da James Womack da Daniel Jones da Daniel Roos suka fitar a 1990 ya yaɗa shi a duniya.

Lauyoyi sun makara wajen karɓarsa. Kamfanin Seyfarth Shaw na Chicago na cikin waɗanda suka fara, a tsakiyar shekarun 2000. Durƙushewar tattalin arziki ta 2008 ta ƙara ingiza abin, domin manyan kamfanoni sun matsa wa lauyoyinsu su rage caji.

Inda ɓarna take a ofishin lauya

Cikin nau'o'in nan 7, jira da sake aiki ne suka fi cin lauyan Kano. Ofishi ɗaya kan wayi gari da shari'a a Babbar Kotun Jiha da ke Sakatariyar Audu Bako, wata a kotun majistare ta Nomansland, wata kuma a kotun shari'ar Musulunci a cikin gari, duk da safe. Idan ba a tsara tun farkon mako wa zai je ina ba, wani zaman sai an nemi a ɗage shi. Haka idan sammaci bai isa ga wanda ake ƙara ba: lauya ya sa rigarsa, mai ƙara ya rufe shagonsa a Kantin Kwari, shaidu sun biya kuɗin mota, a ƙarshe alƙali ya ba da wata rana. Waya ɗaya ga masinjan kotu mako guda kafin zaman takan hana wannan asara.

Cinikin fili ma haka yake. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta samun amincewar gwamna kafin a sauya mallakar fili mai satifiket, kuma dole a yi bincike a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Jihar Kano, a tabbatar filin ba shi da rikici. Abin da aka saba gani shi ne mai saye ya kawo takardar ciniki yau, hoto jibi, shaidar biyan haraji bayan mako biyu, kowane zuwa sai an sake buɗe fayil an tuna inda aka kwana. Maganin da tsarin Lin ke bayarwa ba shi da tsada: a rubuta jerin duk abin da ake buƙata a takarda ɗaya, da Hausa, a miƙa masa tun zuwan farko. Rabon gado ma yana son irin wannan jeri, na sunayen magada da dukiyar mamaci da bashin da ke kansa.

Kayan aiki

Mafi sauƙinsu shi ne allon da Japanawa ke kira kanban. Akan raba allo gida-gida: sabon aiki, wanda ake kai, wanda ke jiran kotu, wanda ke jiran mai shi, da wanda aka gama. Kowane fayil yana da katinsa. Da an ga kati sun taru a gida ɗaya, an san inda aiki ke maƙalewa, kuma sau da yawa teburin babban lauya ne, inda komai ke jiran sa hannu. Lambar fayil ake rubutawa a kati, ba suna ba, domin sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana lauya fallasa sirrin wanda yake wa aiki.

Tsarin kuma yana tilasta a tambayi abin da mutum ke so tun farko. Ɗan kasuwar da ke bin bashi kuɗinsa yake so, ba hukunci mai shafi hamsin ba. Cibiyar sulhu ta kotunan Kano, wadda aka buɗe a 2009, ko kotun ƙananan basussuka, tana iya fiye masa amfani.

Iyakarsa

Lauya ba shi da iko a kan hutun kotu ko yajin aikin ma'aikatan shari'a. Abin da ke cikin ofishinsa kaɗai zai iya gyarawa. Nazarin doka da shirya shaida kuma ba ɓarna ba ne, ko da sun ɗauki kwanaki. Wanda ya rage su da sunan sauri ya cuci mutumin da ya amince masa.

Akwai kuma batun kuɗi. Inda ake biyan lauya kuɗin kowane zaman kotu, ɗage shari'a ba ya rage masa komai, don haka tsarin ya fi kama ƙasa inda aka yanke ladan aikin gaba ɗaya tun farko. Sai abu mafi wuya: gyaran yau da kullum, wanda ake kira kaizen, yana buƙatar akawu da ƙaramin lauya su faɗi inda matsala take, alhali a Kano ba kasafai na ƙasa ke iya cewa “Yallaɓai, fayil ɗin yana teburinka tun makon jiya” ba. Sai babban lauya ya sa ɗan gajeren zama kowane mako a gaban allon, ya riƙa yin tambayar da kansa.