Digirin lauya daga waje: me doka ta ce kafin ka tsaya gaban alƙali?

Yaro ya tafi Ingila ko Malesiya ya yi digirin shari'a, ya dawo gida ana ta barka, har dangi sun fara kiransa Barista. To a idon dokar Najeriya bai zama lauya ba tukuna. Dokar aikin lauya ta ce sai wanda sunansa ke cikin rajistar Kotun Ƙoli zai yi wannan aiki, hanyar shiga rajistar kuwa ta Makarantar Horas da Lauyoyi ta bi, wadda aka buɗe a Legas a 1963, yanzu hedikwatarta na Bwari a Abuja.

Wanda ya yi karatu a jami'ar gida kai tsaye yake shiga zango na biyu, wato Bar Part II. Na waje sai ya fara da Bar Part I a Bwari, ya ci jarrabawa. Wasu na ganin an tsawwala musu, ni kuwa ina ganin an yi daidai. Darussan Bar Part I huɗu ne: tsarin shari'ar Najeriya, kundin tsarin mulki, dokar laifuka da dokar filaye. Ɗalibin Landan ina ya san Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna? Ina ya san Arewa da kundin laifuka na Final Kod take aiki, Kudu kuma da nata kundin daban, ga kotunan Musulunci da na gargajiya a gefe? Talakan da aka ƙwace wa gona a Gezawa, wanda ya san waɗannan yake bukata.

Inda iyaye suka fi yin kuka shi ne wajen tantancewa. Hukumar Kula da Ilimin Lauyoyi, mai riƙe da makarantar, ba kowane digiri take karɓa ba. Tana duba jami'ar, ko ta amince da ita, sannan ta bi takardar sakamako darasi bayan darasi: kwantiragi, shaida, filaye, laifuka da sauransu. Ginshiƙin shari'armu na Ingila ne, don haka wanda ya karanta tsarin Faransa a Yamai ko Kwatano, ko zallar fiƙihu a Madina ko Alƙahira, kada ya ɗauka ƙofa a buɗe take. Iliminsa mai daraja ne, amma ba shi hukumar ke aunawa ba. Saboda haka tun kafin a sayar da fili a biya kuɗin makaranta, a rubuta wa hukumar a tambayi matsayin jami'ar da kwas ɗin. Kada a tsaya ga maganar dillalin admishan.

Wanda ya haye zango na farko sai ya haɗu da 'yan gida a na biyu, ko a Bwari, ko Bagauda ta Kano, ko Yola, ko wani reshen. In ya ci, majalisar dattawan lauyoyi ta gamsu da halinsa, sai a kira shi ya sa baƙar riga da hular gashi, ya je Kotun Ƙoli a rubuta sunansa.