Zazzaɓin Lassa: ma'anarsa, da abin da ya haɗa shi da rani

Da zarar an gama kaka, hunturu ya fara kaɗawa, sai ka fara jin sunan a rediyo: zazzaɓin Lassa ya ɓulla a Bauchi, ya ɓulla a Taraba, an killace mutane a Ondo. Haka za a yi ta yi daga Disamba har zuwa wajen Afrilu, damina na sauka labarin ya lafa. Da yawanmu mun haddace sunan, kaɗan ne suka san abin da yake nufi, ko dalilin da ya sa cutar ke da lokacinta kamar mangwaro.

Lassa sunan gari ne a ƙaramar hukumar Askira/Uba, a kudancin jihar Borno ta yau. A farkon shekarar 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan mai suna Laura Wine ta kwanta da zazzaɓi a garin, aka kai ta asibiti a Jos, ta rasu. Wadda ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta bi ta. Ta ukun, Penny Pinneo, an ɗauke ta zuwa Amurka ta tsira, kuma a can ne masana a jami'ar Yale suka gano ƙwayar cutar, suka laƙaba mata sunan garin. Alhakin mutanen Lassa kawai aka ɗauka, don binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cutar ta fi shekara dubu a wannan yanki kafin a ba ta suna.

To ina take zama duk tsawon lokacin nan? A jikin ɓera. Sai dai Bahaushe yana da ɓeraye iri-iri: akwai gafiya, akwai gyazbi, akwai ƙaton ɓeran kwata, ga jaɓa da ake haɗawa da su alhali ba danginsu ba ce. Wanda ake magana a kansa ƙaramin ɓera ne mai launin toka-toka, wanda masana ke kira Mastomis, aka kuma tabbatar da laifinsa bayan wata ɓarkewar cutar a Saliyo a 1972. Alamarsa ita ce yawan nonuwan macen, da kan kai ashirin ko fiye. Ciki ɗaya takan haifi 'ya'ya goma zuwa sha biyu, cikin kuma bai fi mako uku da 'yan kwanaki ba. Ɓeran yana ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da ya kwanta ba, yana zubar da ita a fitsarinsa da kashinsa. Irin wannan dabba ita masana ke kira ma'ajiyar cuta: ita lafiya lau, wanda ya ci abin da ta yi wa fitsari shi ke shan wuya.

Mutum kan kamu idan ya ci abincin da ɓeran ya ɓata, ko ya shaƙi ƙurar ɗakin da kashinsa ya bushe, ko ya feɗe shi da hannu mai rauni. Daga nan tana iya wucewa daga mutum zuwa mutum ta jini da sauran ruwan jiki, shi ya sa likitoci da nas-nas ke cikin waɗanda take kashewa. Alamu kan fito cikin mako uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan takwas cikin goma na masu kamuwa ba sa jin komai ko kuma ciwon ya zo musu da sauƙi. Matsalar sauran biyun ita ce farkon ciwon bai da bambanci da zazzaɓin cizon sauro ko taifot, sai a yi ta safa da marwa tsakanin gida da kemis har jini ya fara fita ta hanci ko dasashi. Cikin waɗanda ciwon ya yi wa tsanani har aka kwantar, kusan 15 cikin ɗari ba sa tashi. Wasu da suka warke sukan kurumce, mai tsohon ciki kuwa da wuya jaririn ya rayu. Akwai maganin da ake bayarwa, ribabirin, wanda likitoci suka fi so a fara shi da wuri.

Yanzu mu koma kan tambayar rani, wadda a ganina ita ce zuciyar maganar. Wannan ɓera ba ya son kurmi mai duhu. Ya fi son fili, gona da saura, da gefen gari. Duk inda aka yi sassabe, aka sare itatuwa don gawayi ko sabuwar gonar masara da rogo, an ƙara masa gida ke nan, an kuma kori wasu daga cikin mujiyoyi da macizan da ke rage shi. Da damina yana gona, abinci a yalwace, yana ta hayayyafa. Idan aka girbe, aka kwashe amfani zuwa rumbu, aka banka wa daji wuta don farauta ko sharar gona, me ya rage masa a waje? Sai ya biyo hatsinsa gida. Masu binciken da suka yi ta ɗana tarko a ƙauyukan ƙasar Gini sun iske ɓeran ya fi yawa a cikin ɗakuna da rani. A daidai lokacin ne kuma muke baza shanyar rogo, masara da barkono a bakin titi da kan duwatsu, su kwana a buɗe.

Ruwan sama ma yana da hannu. A Tanzaniya, inda manoma ke fama da irin wannan ɓera, an daɗe da lura cewa idan ruwa ya zo da wuri kuma da yawa, haihuwarsa kan fara da wuri, yawansa ya wuce misali. Amurkawa sun ga kwatankwacin haka a 1993. Bayan shekarun fari a kudu maso yammacin ƙasar, ruwa ya sauka sosai, ciyayi da 'ya'yan itace suka yalwata, wani ɓeran daji ya ninka har kusan sau goma, sai ga matasa lafiyayyu a yankin ƙabilar Nabaho suna mutuwa da ciwon huhu. Ƙwayar cutar hanta ce da ɓeran ke ɗauke da ita, kuma sunan nan na wani kogi ne a Koriya, babu ruwansa da hantar da ke cikinmu. A Ajantina kuwa, faɗaɗa noman masara a shekarun 1950 ya zo da wani zazzaɓi mai zubar da jini, shi ma na ɓeran gona, da ya riƙa kama masu girbi. Ke nan idan damina ta rikice, fari bana, ambaliya baɗi, lissafin ɓera ma yana rikicewa, kuma ambaliya kanta korar su take daga ramuka zuwa tudun da mutane suka fake.

A 2018 hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da mutum sama da 600 da suka kamu a Najeriya, a 2020 adadin ya haura dubu. Ba daidai ba ne a ɗora wa sauyin yanayi wannan ƙaruwa gaba ɗaya, domin an ƙara ɗakunan gwaji a waɗannan shekaru, abin da a da ake binnewa da sunan taifot yanzu ana gane shi. Asibitin koyarwa na Irrua a jihar Edo ya daɗe yana wannan aiki. Amma yawan gwaji ba zai bayyana dalilin da ya sa alƙaluman ke tashi a watanni iri ɗaya kowace shekara ba.

Shi ya sa shawarwarin ma'aikatan lafiya suka fi karkata ga rumbu da madafa: a zuba hatsi da gari a mazubi mai murfi, a ɗaga shanya daga ƙasa, a nisanta juji da gida, a toshe ramuka, a yayyafa ruwa kafin a share ɗakin ajiya, a bar yara da farautar ɓera bayan ƙunar daji. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin zazzaɓin cizon sauro bayan kwana biyu ko uku a cikin rani kuwa, na asibiti ne, kuma a gaya wa likita idan akwai ɓeraye a gidan.