Ƙin tashin babur bayan ajiya

Ƙin tashin babur bayan ajiya matsala ce da ke samun babur mai shan fetur idan ya yi makonni ko watanni a jingine ba a taɓa shi ba. Iri biyu ce: ko dai injin ya ƙi kamawa sam, ko ya kama amma ya mutu da zarar an saki totur, abin da makanikai ke cewa babur ba ya tsayawa a silo. Galibi lafiyar injin lau. Tsohon fetur ne ya bushe ya toshe wata 'yar ƙofa a cikin kafireto, sai kuma batir da ya sauka. A garuruwan arewacin Kamaru da Chadi, inda ake ce wa babur moto, zafi da ƙura da irin man da ake sha suna sa matsalar ta zo da wuri.

Asalin baburan yankin

Ana kyautata zaton sana'ar ɗaukar fasinja a babur ta fara kafuwa a Marwa da Garwa ne wajejen shekarun 1980, da ƙananan baburan Japan na Suzuki da Yamaha da Honda, waɗanda da yawansu ta iyakar Najeriya suka shigo. A nan ana kiran masu wannan sana'a da suna kilando, sunan da ake amfani da shi har a Njamena. Daga farkon shekarun 2000 baburan China masu araha, irin su Nanfang da Sanili da Haojue, suka cika kasuwa, daga baya kuma na Indiya, Bajaj da TVS, suka biyo baya.

Da yawa daga cikin injunan China an kwaikwayo su ne daga Honda CG125, wanda ya fito a 1975. Kamfanin ya ƙera shi musamman saboda ƙasashen da ake yi wa babur lodi fiye da kima, ana jinkirin canza masa baƙin mai. Shi ya sa injin ke da jimiri, kuma bakanike ɗaya a Kuseri ko Ngaundere ke iya gyara samfura da dama da kayan aiki kaɗan. Shi kuwa kafireto ya girmi duk waɗannan: Wilhelm Maybach na Jamus ya fitar da mai fesa fetur ta siririyar ƙofa da kofi mai riƙe mai a 1893, shekara takwas bayan shi da Gottlieb Daimler sun haɗa babur ɗinsu na katako a 1885. Tsarin bai sauya sosai ba. Kafireton da ke kan baburan yankin yau yawancinsa na kamfanonin Keihin da Mikuni na Japan ne, ko kwaikwayonsu.

Baburan yankin sukan yi dogon zama saboda dalilai sanannu: tafiyar fatauci ko aikin hajji, damina mai yanke hanyoyin karkara, da ambaliyar kogin Logon da Shari kamar ta 2022 da 2024 da ta shafi Yagwa da Kuseri da Njamena. Tun daga 2014 ma hukumomi sun sha taƙaita zirga-zirgar babura a yankunan iyaka na jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru saboda rikicin Boko Haram.

Kafireto da tsohon fetur

Aikin kafireto shi ne gauraya fetur da iska, kusan kashi 1 na mai ga kashi 14.7 na iska bisa nauyi. A ƙasansa akwai kofi da ke riƙe ɗan fetur, da wani ɗan tulu mai yawo a kan man wanda ke tura allura ta rufe hanya idan kofin ya cika. Daga kofin mai yana hawa ta ƙofofi biyu da ake kira jet. Babba yana aiki idan an murɗa totur, ƙarami kuma shi ke ciyar da injin a silo da lokacin tashi. Ramin ƙaramin bai kai rabin milimita ba.

Fetur ba abu ɗaya ba ne, gauraye ne na sinadarai masu nauyi daban-daban. Marasa nauyin su ne masu saurin kamawa da wuta, su ne kuma ke fara tashi su bi iska. Kofin kafireto yana da ƙofar shaƙar iska, don haka man cikinsa ke riga na tanki lalacewa. Abin da ya rage sai ya yi duhu, ya yi wari mai tsami kamar na tsohon fenti, ya bar danƙo ja ko kore a jikin ƙarfe. A Marwa da Kuseri da Njamena zafin Maris zuwa Mayu kan wuce digiri 40, saboda haka 'yan makonni sun isa kofi ya bushe. Danƙon da ido ba ya ma gani sosai ya ishe shi toshe ƙaramin jet, alhali babban yana buɗe. Wannan ne ya sa babur ke kamawa idan an ja cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga kafireto, ko an riƙe totur, ya mutu in an saki. Alama ce da ba ta cika yin ƙarya ba.

Wani lokaci allurar ce ke maƙalewa. In ta maƙale a rufe, mai ba ya shiga kofi. In a buɗe ne, fetur ya riƙa tsiyaya ta bututun ƙasa, har ma ya gangara cikin injin ya tsinka baƙin mai.

Tankin da aka bari rabi yana tara raɓa a ciki, musamman da damina. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, daidai inda famfon mai ke zuƙa idan an juya shi rizab, wato ragowar man ƙasan tanki, ya kuma haifar da tsatsa.

Zuwa-zuwa

Zuwa-zuwa shi ne fetur ɗin Najeriya da ake shigowa da shi ta bayan fage, ana sayar da shi a kwalabe da jarkoki a bakin titi. Ya daɗe yana ciyar da baburan arewacin Kamaru saboda rahusarsa, wadda ta ragu bayan cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023. Chadi kuwa tana da tata matatar man fetur a Jarmaya, arewa da Njamena, tun 2011. Wasu makanikai na ɗora laifin toshewar kafireto a kan man kwalba, suna zargin gauraye da kananzir ko ruwa. Wasu sun ce man ɗaya ne, zaman rana da dattin jarka ne kawai ke ɓata shi.

Batir da wuta

Batir mai ruwan asid yana sauka da kansa ko ba a amfani da shi, kuma zafi na ƙara saurin saukar. Cikakken batir mai volt 12 yana nuna wajen 12.6 a awo. In ya gaza 12 ya yi ƙasa ƙwarai, in kuma ya daɗe a haka ba ya ƙara riƙe caji. Yawancin ƙananan baburan nan suna samun wutar fulogi daga kwil ɗin da ke cikin injin, don haka suna tashi da kik ko da batir ya mutu. Wasu samfuran kuwa sai da batir.

Fulogi, wanda a yankin aka fi sani da buji, ana kwance shi a jingina gindinsa da jikin injin a buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙarfi ake nema. Tazarar bakinsa kan kasance milimita 0.6 zuwa 0.7. In ya fito a jiƙe, mai yana zuwa amma bai ƙone ba. In a bushe ne bayan bugu da yawa, mai ne bai iso ba. In babu wuta sam, a tuna cewa ɓeraye sukan ci wayoyin babur a ɗakin ajiya.

Iska da salansa

Ƙurar hunturu, wadda da yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tana cika matatar iska. Ɓera kan yi sheƙa a akwatinta, zanzaro kuma ya gina ɗakin laka a bakin salansa ko a bututun shaƙar kafireto.

Tsarin bincike

Ƙwararrun makanikai suna farawa ne daga mai sauƙi: makulli, maɓallin kashe injin da ke hannun dama, famfon mai, da giya a furi. Sai a zubar da tsohon fetur, a kwance ɗan kusar da ke ƙasan kofi a ga ko mai na gudana da kuma launinsa, a zuba sabo. Bayan haka a duba fulogi. In har yanzu silo bai tsaya ba, a sauke kafireto a wanke, a cire ƙaramin jet a ɗaga shi ga haske, a busa masa iska. Sokar sa da allurar ɗinki ko wayar ƙarfe tana faɗaɗa ramin, babur ya koma shan mai da hayaƙi; silin wayar tagulla ya fi dacewa. Ƙara kusar silo don a rufe matsalar ba gyara ba ne. Buɗe injin shi ne mataki na ƙarshe, kuma sai idan kik ya yi sakwaf babu matsi, ko ya ƙi motsi gaba ɗaya.

Babur ɗin da ambaliya ta shanye ba a buga masa kik. Ana cire fulogi tukuna a fitar da ruwan silinda, a canza baƙin mai in ya yi fari kamar madara.

Bayan dogon zama faifan kuloci kan manne, sai babur ya zabura ya mutu idan an sa giya.

Sababbin babura marasa kafireto suna da famfon lantarki mai tura fetur, kuma yawancinsu ba sa tashi da mataccen batir.

Ajiya

An yarda cewa a rufe famfon mai, a bar injin ya shanye abin da ke kofi har ya mutu, a cire wayar batir, a toshe salansa da tsumma, a ajiye babur a inuwa. Batun tanki ne ake saɓani a kai: wasu na cika shi don hana tsatsa, wasu na juye shi saboda ba su amince man zai kai wata uku ba.